Amsa ga Maman Khalifa kan ƙurajen da suka feso wa ɗanta

Maman Khalifa, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce tabo ɗaya ne babba ya fara fito masa a haƙarƙari, kuka ɗauka makero ne kuna ta shafa magani, bayan kwana goma sai ƙanana suka feso a baya da ciki, ga ƙaiƙayi. Kina tambaya ko a raba masa shimfiɗa da ƙannensa.

Hoto ba ya maye gurbin idon likita, amma yadda kika siffanta shi ya yi kama da abin da ɗiyata ta yi a nan Gusau, wanda likita ya kira pityriasis rosea. Ki duba tabon farkon da kyau a cikin haske: ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai, kuma daga cikin bakinsa akwai siririyar saɓa mai ɓarewa. Ƙananan kuwa suna jeruwa a karkace, suna gangarowa daga tsakiyar baya zuwa gefe. A fatarmu ba ja yake yi ba, ya fi yin duhu ko toka-toka. Ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 35, ana kuma danganta shi da ƙwayar bairos, shi ya sa maganin makero ba ya taɓa shi. Ba a san shi da yaɗuwa kamar ƙazuwa ba. Tawa ɗaki ɗaya take kwana da 'yan uwanta, babu wanda ya ɗauka.

Da kansa yake tafiya, galibi cikin sati 6 zuwa 8, wani har 12. Aikinki kawai rage ƙaiƙayi. A ajiye soso, a daina ruwan zafi, a daina ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka. Sabulun salo ma, duk da ina sonsa, yana ƙara busar da wurin. Bayan wanka ki shafa masa man kaɗe ko basilin tun jiki da danshi. Zufa ce babbar abokiyar gaba; ɗiyata in ta dawo daga Islamiyya da rana har jingina take da bango tana goga bayanta. Kaya marasa nauyi na auduga sun taimaka, da ruwan shafawa na kalamin, da ƙwayar rage ƙaiƙayi da aka ba ta ta sha da dare. Don Allah kada ki biye wa masu cewa a goga lemon tsami ko toka.

Ki dai kai shi asibitin tarayya na FMC ko asibitin Yariman Bakura da ke nan Gusau a tabbatar. Dalili, tunjere na fitowa da irin wannan kama, musamman in ƙurajen sun kai tafin hannu da tafin ƙafa, wasu magungunan ma na jawo shi. Mai juna biyu da ta ga irinsa, musamman a watannin farko, kada ta jira ranar awo. Haka in ya wuce wata uku, ko ya fara ruwa da mugunya, a koma asibiti.

Tabon duhun da zai bari na iya ɗaukar watanni kafin ya baje, kada a sa masa man bilicin.