Amsa ga ƙanena mai tambaya kan ƙauyen Val Marie

Salam ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce wani ejan ya turo maka hoton gida mai arha a Val Marie nan jihar Saskatchewan ta Kanada, ka duba ka ga mutanen garin 120 ne kacal, shi ne kake tambaya ko wani bala'i ne ya kore su, kuma ko za ka iya zuwa ka kama noma. Lissafin daidai ne, ƙidayar 2021 ce ta ba da 120, ta 2016 kuma 126. Amma ba yaƙi ba annoba, injin noma ne ya watsa su, bari in ɗan koma baya ka gane.

Asalin ƙasar nan ta 'yan asali ce masu farautar ɓauna, sai gwamnati ta karɓe ta yanka ta gona-gona. Dokar 1872 ta ce ka biya dala 10 a ba ka eka 160, sharaɗin kawai ka zauna shekara uku ka gina gida ka nome. Haka Turawa suka yi ta kwararowa, 'yan Yukren, Jamusawa, Ingilishi. Su na Val Marie masu jin Faransanci ne, wajen 1910 suka sauka a bakin kogin Frenchman, da jirgin ƙasa ya iso gari ya habaka har aka ba shi matsayin ƙauye a hukumance a 1926. Kuma in ka kalli taswira za ka ga ƙauyukan nan a jere suke bakin layin dogo kusa-kusa, dalili shi ne lokacin da keken doki ake kai alkama, dole rumbun sayen hatsi ya zama inda manomi zai je ya dawo a wuni ɗaya. Kowane rumbu sai gari ya tsiro a gindinsa, da coci da makaranta da kanti.

To sai farin shekarun 1930 ya zo, shekara da shekaru ba ruwan kirki, ga guguwar ƙura ga fara, kuma wannan kusurwar ta kudu maso yamma ita ta fi shan wuya don dama can busasshiya ce, ta fi dacewa da kiwon shanu. Da yawa suka kwashe kaya suka bar gonakin. Waɗanda suka rage kuma tarakta da injin girbi suka shigo, mutum ɗaya da ɗansa suna nome abin da a da gida goma ke nomewa, maƙwabci ya tsufa sai ka saye tasa ka haɗa, 'ya'yansa dama sun tafi manyan birane irin su Regina ko Calgary ba dawowa za su yi ba. A 1936 gonaki sun haura 142,000 a jihar, a 2021 ba su wuce 34,000 da ɗoriya ba, alhali ƙasar da ake nomawa tana nan. Tsohon rumbun katako na Val Marie yana tsaye har yau amma ya zama kayan tarihi.

Kenan gida ne ke da arha, gona ba ta da arha ko kaɗan. Matsakaiciyar gona a nan ta haura eka 1,700, injin girbi guda ɗaya ma kuɗinsa sai ka riƙe baki, sannan doka ba ta yarda baƙon da bai da takardar zama na dindindin ya mallaki sama da eka 10 ba sai da izini na musamman. Maganar ka zo da jarinka ka kama noma ka cire ta a ranka tukuna, sai dai aikin gona ko kiwo a ƙarƙashin wani.

Ni dai ina son wurin wallahi, ba ɓata shi nake ba. Gandun dajin Grasslands yana gefensa, an dawo da ɓauna ciki tun 2005, da rani masu yawon buɗe ido na zuwa garin ya ɗan motsa. Mutanen kirki ne, duk motar da kuka yi kiciɓis a hanyar tsakuwa sai direba ya ɗago maka yatsa daga kan sitiyari alamar gaisuwa ko bai san ka ba, in motarka ta kafe a ƙanƙara wani zai tsaya ya ja ka. Amma da hunturu ya shigo sanyi na kai 30 ƙasa da sifili ko fiye, mota ma sai ka jona wayarta a wuta ta kwana in kana so ta tashi da safe, ga iska ba bishiyar da za ta tare ta. Babban gari mafi kusa Swift Current ne, kusan kilomita 120, can ne asibiti babba da manyan kantuna da masallacin Juma'a da kwaleji. Motar haya babu, bas ɗin gwamnatin jiha an rufe shi tun 2017, in ba ka da lasisi da motarka a tsare kake. In karatu kake so kuma jami'o'in suna Regina da Saskatoon, ba ruwansu da wannan ƙauyen.

Abin da ya fi damuna ejan ɗin nan naka ne. Sayen gida ba ya ba ka biza a Kanada, aiki ne ke kawo mutum ƙauye, kuma haramun ne a dokarsu a sayar maka da takardar aiki. Ka tambaye shi sunan wanda zai ɗauke ka, wane aiki, awa nawa a sati, da lambar lasisinsa na ejan, ana iya dubawa a intanet kyauta. In ya fara kame-kame ka san sauran. Ka turo min takardun in gani kafin ka ba shi ko sisi, ka gaida min su Hajiya.