Anya kocin nan zai tsaya kuwa?

Tambaya: Malam, ina bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i, kocin ƙungiyar da nake so sai cin wasa yake, yanzu kuma ana ta raɗe-raɗin manyan jami'o'i na zawarcinsa. Zai tafi ne?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya ka fara lallashin zuciyarka. Koci Kalen DeBoer fa ya kai ƙungiyar Jami'ar Washington wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta ƙasa a Janairun 2024, Michigan ta doke su, ko sati ba a rufa ba ya koma Jami'ar Alabama da kocinta Nick Saban ya yi ritaya. Kwantiragi kuwa ba ya ɗaure kowa, akwai kuɗin fansa a ciki, babbar jami'a ta biya kawai ta ɗauke abinta. Ni dai albashi nake dubawa, in sun ƙara wa kocin naku da mataimakansa, to ƙila ya ƙara shekara.