Tsohuwa ce da jikoki marayu huɗu, mu kai su gidan marayu?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina cikin wata ƙungiyar agaji, akwai tsohuwar da muke tallafawa, ɗanta da matarsa sun rasu sun bar mata yara huɗu, ƙaramin shekararsa 2. Ga hawan jini ga ciwon gwiwa, wani lokacin ko na dare babu. 'Yan kwamiti sun ce mu kwashe yaran mu kai gidan marayu ta huta, ni dai hankalina ya ƙi kwanciya, ina tsoron mu bar su wani abu ya same su.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsoronki yana kan hanya, amma dan Allah kar ku kwashe yaran nan. Matsalar gidan talauci ce, kaka kuwa suna da ita.

Wallahi na gaji da maganar nan ta "gidan marayu ya fi", kullum sai na ji ta, kuma daga bakin mutanen kirki. Mutum ya ga gini da fenti, gadaje a jere, abinci sau uku, shikenan ya ɗauka an gama. To ɗan shekara 2 ba gado yake nema ba, mutum ɗaya yake so wanda in ya farka cikin dare yana kuka shi zai gani, jiya shi, yau shi, gobe shi. A can ma'aikata canjin aiki suke, ta safe daban ta dare daban, wata ta ajiye aikin a kawo sabuwa. Ni da idona na ga yaron da duk baƙon da ya shigo sai ya ruga ya ƙanƙame shi, masu ziyara suna ta murna wai yana da son mutane, alhali alama ce ta bai da wanda ya shaƙu da shi.

Kuma an bincika abin nan. A Bukarest ta Romaniya an fara wani bincike a 2000 kan yara 136 da ke irin waɗannan gidaje, aka miƙa rabi hannun iyalai masu riƙo, su suka fi ci gaba a kaifin ƙwaƙwalwa da shaƙuwa, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 ma sun ce yaro ƙasa da shekara 3 a cikin iyali ya kamata a rene shi. Ruwanda tun 2012 ta shiga rufe gidajen marayunta tana mayar da yara cikin dangi. Ga kuma masu cin abinci da marayu, a tara yara a ɗauki hoto a watsa a Facebook, kuɗi na shigowa yaran na ramewa, har Ostireliya a 2018 ta sa irin wannan safarar yaran cikin bautar zamani.

Abin da za ku yi, ku riƙe kakar. Tallafi duk wata a rana sananniya, ko kaɗan ne, a hannunta, ya fi buhun da za a sauke sau ɗaya a shekara a ɓace. Kar wani ya ce za ta ɓarnatar, binciken masaniyar tattalin arziki Esther Duflo na 2003 a Afirka ta Kudu ya nuna fanshon da ya shiga hannun kakanni mata ya ƙara wa jikokinsu mata nauyi da tsawo. Ku sa maganinta a lissafi, don irin tsofaffin nan maganinsu suke fara dainawa su ciyar da yara, za ki ga kwalin a gefen gado babu ko ƙwaya tana ce miki ai da sauƙi. Makaranta ku biya kai tsaye. Takardun haihuwa kuma wani cikinku ya bi layin, an taɓa sa wata tsohuwa da nake bi zirga-zirga a wani ofis kan takardar mutuwar ɗanta har ta haƙura, abin ya ƙona min rai.

In akwai duka ko cin zarafi, ko ta fara rikicewar tsufa, wannan daban ne, a sanar da hukumar kula da yara, a fara neman gwaggo ko kawu, kuma kar a raba su huɗun. Tun yanzu ku zauna da ita ku tambaye ta wa ta yarda ya riƙe su in ta kwanta ciwo, a kira shi a yi maganar a gabanta.