Amsa ga ƙanwarmu mai son ajiye alli

Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce kin gaji da koyarwar kwantiragi da jiran albashi, kina so ki ajiye alli ki rungumi rubutu, ki buɗe ƙungiyar taimakon marayu, tunda Khaled Hosseini, marubucin nan haifaffen Afganistan, ya bar aikin likita ya yi haka kuma Allah ya dafa masa. Ni ma labarin mutumin nan ya taɓa ɗibata, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Abin da na gane daga baya shi ne daga wutsiya muke kamo labarin. An haife shi a Kabul a 1965, uban ma'aikacin jakadanci, uwar malamar makarantar 'yan mata kamar ni da ke. A 1976 aiki ya kai su Paris. Suna can aka yi juyin mulki a gida a 1978, sojojin Sobiyet suka shigo a ƙarshen 1979, hanyar komawa ta toshe. A 1980 suka samu mafaka a Amurka, suka sauka San Jose, yana ɗan shekara 15, ko Turancin kirki babu a bakinsa. Uban da ya saba zama ofishin jakadanci ya koma koyar da tuƙin mota. Yaron ya yi karatu har ya zama likita a 1993.

To ga inda nake so ki tsaya. Littafinsa na farko, wanda mu nan muka sani da Les Cerfs-volants de Kaboul, ba ajiye aiki ya yi ya rubuta shi ba. Tun duhun asuba yake tashi ya yi rubutu, gari ya waye ya tafi duba marasa lafiya. Littafin ya fito a 2003, amma ya ƙara wajen shekara ɗaya da rabi yana aikin asibiti, sai da ya tabbata rubutu zai riƙe gidansa. Gidauniyar kuwa can baya ta zo. A 2006 HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ta naɗa shi jakadanta, a 2007 littafinsa na biyu ya fito, a shekarar kuma ya bi ma'aikatan hukumar arewacin Afganistan ya ga waɗanda suka dawo daga gudun hijira ba su da ko ɗakin kwana. Bayan wannan tafiya ce ya kafa gidauniyarsa, kuma yawancin aikinta tara kuɗi ne ta miƙa wa masu aiki a can, su gina matsuguni, su kula da karatu da lafiyar mata da yara.

Ni kuwa Hajiya Gaggawa, juya abin na yi. Na kwashi adashina, na haɗa da kuɗin tumaki biyu, jika 350 cif, na kai wa wani mai ɗab'i a Kano ya buga mini kwafi 500. Littafi bai ma iso ba na riga na rubuta sunayen yara 23 a Garin Malam, na tara kakanninsu na ce daga bana kayan lakwal a wuyana suke, ribar littafi za ta biya. Da kwalaye suka iso ta hanyar Matamai na buɗe, sai ga shafi goma sha shida a kife cikin kusan rabinsu. Masu kyaun na raba wa masu sayarwa a Kasuwar Dole da bakin tasha, kowa ya ce sai an sayar, Malama. Wasu har yau idan sun hango ni sai su duƙa gyaran kaya.

Shekarar farko na cika alkawari da albashina. Ta biyu na kasa. Akwai wani yaro da ya yi mako guda yana zuwa zaurenmu kowace safiya da tsagaggen allonsa a hammata, ba ya cewa komai, sai ya gaishe ni ya zauna. Ranar da na je ba kakarsa haƙuri, ta shimfiɗa mini tabarma ta ce, "Ba komai 'yata, ai kin yi." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Da a ce na ajiye aiki a lokacin kamar yadda na yi niyya, ko na shekarar farkon ba zan iya ba.

Saboda haka kada ki taɓa aikinki tukuna, duk da na san kuɗin kwantiragi ba ya kai wata. Tsakanin sallar asuba da fita lakwal akwai awa guda mai kyau, ni a cikinta na gama littafina na biyu, shafi ɗaya kullum, wata rana rabi. Marayu kuma ki ɗauki ɗaya ko biyu cikin ajinki, waɗanda kin san albashinki zai iya ko littafi bai kawo dala ba, kuma kada ki tara kowa ki yi sanarwa. Takardun ƙungiya su jira.

Ki turo mini babin farko in duba miki. Idan kin shigo Birni ki biyo, kwalaye uku na nan ƙarƙashin gado, gara ta ci ɗaya, ki ɗauki kwafi cikin sauran.