Tambaya da Amsa: Kek ɗin da aka ce sai an zuba masa rum

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar kek a unguwar Mabera, Sakkwato. Wata kwastoma ta turo mini tsarin haɗa baƙin kek mai 'ya'yan itace irin na Karebiyan, an rubuta a zuba kofi ɗaya na navy rum. Mene ne wannan abin? Wasu sun ce giya ce amma wuta tana ƙone ta. Idan ban sa ba, da me zan maye gurbinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Rum barasa ce, kuma mai ƙarfi. Daga rake ake yin ta. Idan masana'anta ta gama cire sukari, wani baƙin ruwa mai kauri yakan saura, shi ake kira molas. Sai a sirka shi da ruwa, a sa yis ya ci zaƙin ya mayar da shi barasa, a dafa a tare tiririn, sannan a zuba a gangunan katako ya shekara ko ya yi shekaru.

Wadda aka rubuta miki ta samo suna ne daga sojojin ruwan Birtaniya, waɗanda a da ake ba kowa kasonsa kullum a cikin jirgi. A 1740 wani hafsansu, Edward Vernon, ya ba da umarnin a riƙa sirka ta da ruwa saboda yawan buguwa, kuma ba a daina rabon ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970. Gauraye ce ta barasar wurare da dama, irin su Guyana da Jamaika da Tirinidad da Barbados. Rum ta gama-gari tana da barasa kashi 40 cikin 100, ita kuwa wannan takan kai 54.5 ko 57.

Batun cewa wuta tana ƙone ta, ba haka yake ba. Gaskiya ne barasa tana tafasa a digiri 78 na ma'aunin zafi na Celsius, ruwa kuma sai 100, amma idan sun cakuɗa da fulawa da bota ba ta ficewa gaba ɗaya. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 30 ana gashi kashi 35 na nan, bayan awa ɗaya kashi 25, ko bayan awa biyu da rabi akwai sauran kashi 5. Wannan kek ɗin ma ya fi haka, domin a Karebiyan sukan jiƙa 'ya'yan itacen cikin rum na watanni, su kuma yayyafa wata a kansa bayan ya fito daga tanda, wadda wuta ba ta taɓa ba sam. Hadisin sananne ne: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne. Kada ki sa.

Abin da ake nema a wannan rum ɗin ɗanɗano ne, kuma kusan duk sassansa suna kasuwarmu. Masu ɗanɗana ta suna ambaton zaƙin molas mai nauyi, da ɗan ɗacin ƙonannen sukari, da ƙamshin busassun 'ya'yan itace, da ƙamshin nunanniyar ayaba wanda aka san ta Jamaika da shi, sai kayan ƙamshi da katakon ganga ke bayarwa. Mazarƙwaila ita ce ta fi kusa da molas, tunda ruwan rake ne aka dafe ba a cire masa komai ba. Ki nemi mai duhu, wadda idan kin ɓalle ta cikinta yake da ɗan danshi, ba farar da ta bushe ƙayau ba.

Ki dafa baƙin shayi mai ƙarfi kofi ɗaya, wato mililita 250, ki narka mazarƙwaila giram 100 a ciki. Ki tace da ƙyalle mai laushi, don mazarƙwaila takan zo da yashi da ɓurɓushin rake, kuma babu abin da ke korar kwastoma kamar ta ji tsakuwa a haƙori. Ki mayar kan wuta da kanumfari guda huɗu, kirfa sanda ɗaya, citta ɗan yanki, da bawon lemo ɗaya wanda kika kankare saman kawai. Farin cikin bawon ɗaci gare shi. Minti biyar ya isa, ki tsame su. Kanumfari idan ya wuce haka kek ɗin zai riƙa warin maganin ciwon haƙori.

A wata tukunyar busasshiya ki zuba sukari cokali shida, wuta kaɗan-kaɗan, kada ki juya da cokali, ki riƙa karkata tukunyar. Zai narke ya yi ruwan zuma, ya yi ja, sannan ya yi duhu. Da kin ga hayaƙin farko ki sauke. Daƙiƙoƙi kaɗan ne tsakanin ɗacin da ake so da gawayi, idan ya wuce ki zubar ki sake, ba ya gyaruwa. Ki zuba ruwan zafi rabin kofi a hankali kina ja da baya, domin yana fantsama. Ruwan sanyi zai sa ya daskare ya zama dutse. Ki haɗa da shayin, ki ƙara jiƙaƙƙiyar tsamiya cokali ɗaya don ta karya zaƙin.

Ki zuba wannan ruwan da ɗuminsa a kan zabibi giram 300 da yankakken dabino giram 200. Idan ya huce ki rufe ki sa a firji ya kwana. Lokacin kwaɓi ki dama rabin ayaba wadda bawonta ya yi baƙi ki sa, ki kuma rage kusan kashi ɗaya cikin uku na sukarin da aka rubuta. Ki gasa a ma'auni 150 na kamar awa biyu, gwangwanin da takarda ninki biyu. Wuta mai ƙarfi za ta ƙone bayan, cikin yana ɗanye.

Ba zai yi daidai da na can ba, wannan zafin da barasa ke bari a maƙogwaro babu shi, amma kala da nauyi da ƙamshi za su fito. Sai dai ki gaya wa kwastomarki cewa nasu yana yin watanni saboda barasar tana hana shi fumfuna, naki kuwa a ajiye shi a firji a cinye cikin mako guda. 'Yan kwalaben ƙamshin rum da ake sayarwa a shagunan kayan kek kuma, ki karanta bayansu. Idan kin ga alcohol ko ethanol, ki ajiye.

Tambaya: Ina matse rake ina sayar da ruwan a Kware. Wanda na matse da safe, kafin la'asar ya fara kumfa da tsami. Ya zama giya ke nan?

Amsa: Malam, ya kama hanya. Akwai yis da ƙwayoyin cuta a jikin raken da kan injin, kuma zafin bazara yana ƙara musu saurin aiki. Kumfar iskar da suke fitarwa ce yayin da suke cin zaƙin, tare da ita barasa take fara samuwa kaɗan-kaɗan, tsamin kuma aikin ƙwayoyin cutar ne. Wanda ya fara kumfa ka zubar, kada ka gauraya shi da sabo, zai lalata sabon nan take.

Ka kankare raken ka wanke kafin matsa, ka matsa daidai wanda za ka sayar cikin awa biyu zuwa uku, ka sa a kula mai ƙanƙara. Lemon tsami ɗaya a kowace lita yana rage saurin yin duhu. Inda aka fi yin sakaci shi ne injin: ruwan jiya da ya maƙale a tsakanin ƙarafan shi ne irin da ke tayar da na yau. Ka wanke shi da ruwan zafi da buroshi duk yamma, ka bar shi ya bushe a buɗe.