Garin POP zai iya ɗaukar narkakken gwal?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'yan kunne da sarƙar gwal da suka karye, sun kai giram 12. So nake in narkar da su in zuba zobe da kaina a gida. An ce mini garin POP da ake yin silin da shi ya isa a yi mazubi, ga shi da araha. Shi zan saya, ko akwai wanda ya fi shi? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Don Allah kada ki saya. Zinare tsantsa sai zafi ya kai digiri 1,064 a ma'aunin Celsius yake narkewa, shi kuwa POP tun kafin nan ya tsattsage. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne laimar da yake riƙewa a ciki. Narkakken ƙarfe na taɓa ta sai ta zama tururi, gwal ɗin ya fantsamo miki a fuska.

Garin da masu zubi ke amfani da shi daban ne. Akwai jifsam a ciki kamar na POP, amma mafi yawansa silika ne, wato sinadarin da ke cikin yashi, ita ce ke jure wuta. Ultra-Vest na cikin sanannun irinsa. Ana auna ruwa giram 40 ga gari giram 100, a zuba garin cikin ruwan, ba ruwan cikin garin ba. Minti takwas zuwa tara gare ki kafin ya fara kamewa, a cikinsu za ki dama, ki kwarara a kan samfurin zoben da kika sassaƙa da kaki kika kafa a cikin gwangwani, ki bubbuga gwangwanin kumfa ta fita. Ki rufe hanci da takunkumi mai kyau, ƙurar silika tana lalata huhu.

To, ba garin ne tsadar ba, tanderu ne. Bayan mazubin ya huta awa biyu, sai an gasa shi sannu a hankali na awanni har zuwa digiri 730, kakin ya ƙone ƙurmus ya bar gurbinsa, inda za a zuba narkakken gwal ɗin. In zafin ya zarce 750, jifsam ya fara sakin farar wuta, fuskar gwal ta ɓaci. Murhun gawayi ko na gas ba zai ba ki wannan awon ba.

Sai kuma lissafin da mutane ke mantawa. Kaki giram ɗaya yana cin gwal mai karat 18 kusan giram 15 da rabi, ban da rarar da za ta tsaya a bakin mazubi. Giram 12 ɗinki siririn zobe kawai zai fitar. Ga kuma walda da ke gaɓoɓin tsohuwar sarƙa, tana rage karat, tana sa zubi ya fito da ƙananan ramuka.

Da ni ce ke, kakin sassaƙa da 'yan ƙananan magagari kawai zan saya. Ki zauna a gida ki fitar da zoben yadda ranki ke so, sannan ki kai wa maƙerin fari da ya saba zubi. A auna gwal ɗin a gabanki kafin a narkar, a sake aunawa bayan an gama, rarar ma a ba ki abinki. In kuma sana'ar kike son koya, ki fara da tagulla ko azurfa, kuma a gefen wanda ya iya.