Tambaya da Amsa: Koci ya ce yaronmu malalaci ne, laifin wane ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni kawu ne ga wani yaro mai shekara 21 wanda ya tashi a hannuna a Nima, ya koyi ƙwallon kwando a filayen siminti na Akra, kuma ya yi fice a gasar Sprite Ball lokacin da yake sakandare. Bara wata ƙungiya a Arewacin Afirka ta ba shi kwantaragi. Da farko da shi ake fara wasa, amma yanzu a benci yake zama, har kocin ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa ba ya komawa tsaron gida kuma yana gudun gogayya. Yaron ya ce ya fi kowa cin maki a atisaye, ƙinsa kawai ake yi domin baƙo ne. Mahaifiyarsa ta ce ya dawo gida. Me za mu ce masa?

Wani kawu, Nima, Akra

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka muku da alheri bisa riƙon wannan yaro. Kafin ku yanke wa kocin hukunci, ina roƙon ku nemi bidiyon wasa guda cikakke, ba guntayen da ake yaɗawa a WhatsApp ba, ku zauna ku kalli yaron a lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, minti 40 ake yi, mutum goma ne a fili, ƙwallo kuma ɗaya ce, don haka ko da an raba ta daidai, minti huɗu ne rabon kowa. Sauran lokacin shi ne abin da koci yake aunawa idan ya ambaci ƙwazo.

Ku duba abin da yake yi idan ya jefa ƙwallo ta kuskure kwando: da gudu yake komawa gida, ko tsayawa yake yi yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu? Idan abokan hamayya suka jefa, yana sa jikinsa ya tare mutuminsa domin kada ya cafe ƙwallon da ta dawo daga ƙarfen kwando, ko kallon sama yake yi? Wannan na biyun ya fi ƙona wa masu horarwa rai, kuma suna da hujja, domin ƙungiya takan yi daƙiƙa 24, wato lokacin da doka ta ba masu kai hari su jefa ƙwallo, tana tsaro da dukkan ƙarfinta, sai sakacin mutum ɗaya ya mayar wa abokan hamayya ƙwallo tare da sabbin daƙiƙa 14. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar baiwa ko tsawo. Niyya suke buƙata, shi ya sa mai cin maki 20 a atisaye zai iya zama a benci ba tare da an zalunce shi ba.

Akwai abin da mu mutanen Zango muke yi wa yaranmu masu hazaƙa wanda yake cutar da su daga baya. Yaron da ya fi tsaransa tsawo da gwaninta a sakandare ba a tsawata masa, domin shi ne mai ciyo kofi, unguwa kuma ta ɗauke shi tauraro tun bai san wahalar sana'ar ba. A ƙasar waje lissafin ya juya. Yawancin gasanni suna ƙayyade adadin baƙin da ƙungiya za ta ɗauka, don haka gurbin baƙo yana da tsada, kuma ana jiran ya fi ɗan ƙasa aiki. Pascal Siakam na Kamaru, wanda ƙungiyar Toronto ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta zaɓa na 27 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2016, an tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Raptors 905 a shekararsa ta farko. Ya je ya taimaka suka ci kofin gasar a 2017, sannan a 2019 ya ɗauki kofin NBA da lambar ɗan wasan da ya fi samun ci gaba. Namu Ben Bentil, haifaffen Sekondi-Takoradi, Boston ta zaɓe shi na 51 a 2016 amma ta sallame shi kafin a fara kakar wasa, wasa uku kawai ya buga wa Dallas a 2017, duk da haka ya ci gaba da neman abincinsa a Sin da Turai har ya kai manyan ƙungiyoyi irin su Panathinaikos ta Girka.

Sai dai wannan bai wanke kocin ba, kuma a nan nake tare da ku. Mai neman ɗan wasa ya ɗauki alhakin aikinsa, dole shi ma ya ɗauki alhakin nasa. Kalmar lalaci zargi ce, ba koyarwa ba ce. Aikin koci shi ne ya kira yaron su biyu, ya nuna masa a bidiyo wurin da ya bar mutuminsa da wurin da ya ƙi gudu, ya faɗa masa abin da zai gyara domin ya dawo da mintocinsa, sannan idan ya gyara a cika masa alkawari. Wajibi ne kuma ma'aunin ya zama ɗaya ga kowa, domin idan babban ɗan wasan ƙungiya ya yi irin wannan sakaci aka kau da kai, aka fitar da baƙo mai shekara 21, to abin ya tashi daga tarbiyya ya koma neman wanda za a ɗora wa laifin shan kashi. Kai maganar gaban 'yan jarida, idan ba a fara yin ta a ɗaki ba, kuskure ne babba a wurina, domin yana rage darajar yaron a kasuwar da yake cin abinci, ga shi a ƙasar da ba shi da uwa ba shi da kawu, wataƙila ma bai gama jin harshen da ake ba da umarni da shi ba.

Shawarata ita ce kada ya gudo. Ya nemi ganawa da kocin tare da wakilinsa, ya tambaya cikin ladabi abubuwan da ake so ya gyara, ya rubuta su, ya yi wata guda yana aiki a kansu. Wanda ya bar ƙungiya da kwantaragi a kansa ba zai samu takardar sallama ta FIBA cikin sauƙi ba, kuma ba tare da ita ba wata ƙungiya a wata ƙasa ba za ta iya yi masa rajista ba. Idan kuwa aka fara riƙe masa albashi, wakilin ya duba ko kwantaragin ya ambaci kotun sasanta rikicin ƙwallon kwando ta BAT da ke Geneva, domin sai da wannan sharaɗi take sauraron ƙara.

TAMBAYA

Ɗana yana buga wa wata ƙungiya a nan Kumasi. Ya yi targaɗe a idon sawu, ƙafar ta kumbura, amma kocinsa ya ce namiji ba ya raki, ya ɗaure ta ya shiga wasan ƙarshen mako. Shin wannan ita ce juriyar da ake faɗa?

Wata uwa, Aboabo, Kumasi

AMSA

Hajiya, ba ita ba ce. Juriya ita ce mutum ya ci gaba da gudu cikin gajiya, ya tashi bayan an ture shi, ya karɓi gyara ba tare da fushi ba. Gaɓar da ta kumbura kuwa likita ne mai magana a kanta, kuma kocin da ya tura yaro fili a haka ya ɗauki nauyin da ba zai iya biya ba. Grant Hill na Amurka ya buga wasa a kan idon sawu mai ciwo a shekarar 2000 yana Detroit, ƙashin ya karye, kuma a kakar wasa huɗu da suka biyo baya a Orlando wasa 47 kacal ya iya bugawa, alhali kowace kaka wasa 82 ce. Shi yana da manyan likitoci da albashin miliyoyin daloli, ɗanki kuwa ku ne za ku biya kuɗin magani.

Ki kai shi asibiti a duba, idan likita ya ga da buƙata a ɗauki hoton ƙafar, kuma a hana masu ɗori murza ta kafin a tabbatar babu tsagewar ƙashi. Ki karɓi takardar likita mai nuna kwanakin hutu, mahaifinsa ko yayansa ya kai wa kocin hannu da hannu. Kada ya koma fili sai kumburin ya sauka, kuma ya iya tsalle a kan ƙafar ita kaɗai da juyawa da gudu ba tare da zafi ba.